Tatsuniyar da Na Yi da Rana

A shekarar da nake aji bakwai, jim kaɗan bayan mulkin kai, ina zaune da kakata a wata unguwa kusa da Makera. Kullum da ƙafa nake zuwa makaranta Dutsin-Ma. Ba da son ranta ta bar ni ba. Tun farko ta ce ranar da wani abu ya same ni a hanya, ranar na gama boko. Ni kuwa ba abin da nake so kamar in zauna jarrabawar shiga makarantar gaba, wadda za a yi kafin girbi.

Malamarmu Kirista ce daga kudu, doguwa, mai sanyin murya. Ta iya Hausa sosai, amma ba cikinta ta girma ba. Da jarrabawa ta matso sai ta shiga yi mana bita: mene ne jigon labari, wane ne tauraronsa, ina aka ƙulla shi, ina aka warware. Mun haddace amsoshin kamar karatun allo, amma idan ta ba mu sabon labari sai mu yi tsuru-tsuru. Rannan ta rufe littafin, ta ce ai kowa yana da labari a gidansu. Ta ce wata a cikinmu ta tashi ta yi mana tatsuniya, mu nemo waɗannan abubuwa a ciki.

Muka dubi juna. Rana tana tsaka. Duk mun san ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ɓata zai yi a hanya. Idan ta kama dole, sai a tsige gashin ido guda kafin a fara. Ba wadda ta iya buɗe baki ta gaya wa Malama.

Ni ta nuna, don ta san ni da son labari. Na kai hannu ga idona, sai ta ce in sauke, in tsaya da kyau kamar mai ilimi. Wata 'yar Kurfi da ke zama kusa da ni ta ja bakin zanena.

“Ke dai ba ki da wayo,” ta ce a hankali. “Ki ce ciki ke maki ciwo.”

Ban ce ba. Na fara ba su labarin wata yarinya da ta tafi rafi ɗebo ruwa, ta tarar rafin ya matsa gaba, ta bi shi, ya ƙara matsawa. Malama tana tsayar da ni tana tambaya, 'yan aji suna amsawa, karon farko ba da hadda ba. Ta ji daɗi ƙwarai. Daidai inda yarinyar ta waiwaya ba ta ga garinsu ba aka buga ƙararrawa. Malama ta ce wannan shi ne ƙullin, gobe ma ji warwara. Haka na fito da tatsuniya buɗe, ban rufe ta ba.

Dawa ta yi tsawo a lokacin, ta fi mutum. Hanyarmu 'yar siririya ce tsakanin gonaki, na san ta kamar tsakar gidanmu. Amma ranar ina tafiya ina tunanin inda zan kai yarinyar nan, kuma hadari ya taso daga gabas, haske ya koma ruwan toka. Ban san inda na saki hanya ba. Na ɗaga kai in ga tsamiyar da nake karya kwana a gindinta, babu ita. Kowace kunya irin 'yar'uwarta. Ganye yana ta kaɗawa kamar mutane suna raɗa a bayana. Na kwaɗa sallama ko akwai mai gona, ba amsa. Na tsige gashin ido har uku, ko da yake na san lokacinsa ya wuce.

Ruwa ya sauko ya ɗauke, ina tsugune. Wata Bafulatana mai dawowa daga tallan nono ce ta ji kukana. Ta ce ai na juya wa Makera baya, na miƙi hanyar Karofi. Ta rako ni har ƙofar gida, ana kiran magariba.

Kaka ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ba ni busasshen zane, ta tambaye ni abin da na yi a makaranta, na faɗa mata duka.  Ni dai na san na gama boko.

Da safe ta ɗauki sandarta ta ce in wuce gaba. A bakin aji ta gaida Malama, ta zayyana mata abin da ya faru. Malama ta riƙe baki, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta roƙi a bar ni ko don jarrabawa.

“Malama, ke baƙuwa ce, ban ga laifinki ba,” in ji kaka. “Amma yarinyar nan tana da bashin hanya, tunda ta yi tatsuniya da rana. Ba ta ƙara bin ta ita kaɗai.”

“To, Iya, wa zai riƙa kawo ta?”

“Wa gare ta?”

Tun daga ranar kaka ke kawo ni, ita ke mayar da ni. Takan zauna gindin dalbejiyar da ke jikin tagarmu tana kaɗi, kunnenta a aji, kada a sake tatsuniya da rana. Idan Malama ta ɗauko labari daga littafi kaka ba ta tankawa, ta ce wannan na masu shi ne. Tafiyar ta fi ƙarfin ƙafafunta. Suka kumbura, muka riƙa tsayawa a hanya tana haki, ni ina kallon dawa. Na ce ta huta, ta ce in rufe mata baki.

Ranar jarrabawa ta kai ni har ƙofa, ta tofa mini addu'a a ka. Ina rubutu ina jiyo tarinta ta taga. Da na fito sai na tarar ta kasa miƙewa, aka nemo jaki aka ɗora ta. Ni na ja akalar har gida, tana gaya mini inda zan karya kwana.