Jar kazar da Ummusalama ta bar mini

Shekara goma sha bakwai ke nan mutanen unguwarmu suna kirana Daktor don ba'a, kuma babu wanda ya taɓa zama ya ji ta bakina. Na so a ce ke kika ji, Ummusalama. Sai ga shi ranar Laraba, goma sha biyar ga Oktoba, bayan la'asar, Allah Ya karɓi abinSa a nan Gadarif. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi makaranta ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

A shekarar da aka laƙaba mini sunan, na dawo daga yankan riɗi a Simsim. Can na ga aikin samir, cutar nan mai murɗe wuyan kaji: kwana huɗu ta share ƙauye guda. Na iso gida kina garin Fau inda 'yarmu Asma ta haihu, na tarar da kajinki goma sha ɗaya wuya tsirara, gashi ya cika tsakar gida, ƙwai ya ɗauke. Na ji wa kajin maƙwabta tsoro. Na yanka su duka na binne, ko romo ba a sha ba. Har gobe ina cewa duk wanda ya ga abin da na gani haka zai yi.

Da kika dawo kika tsaya bakin akurki, kika ce da ni, "Abu Yasir, suna ci?" Na ce suna ci. "Suna tono?" Na ce har da gudu, da ƙyar na kama su. Kika ce, "Halas, shi ke nan," kika shiga ɗaki. Ba ki ƙara ta da maganar ba. Wallahi da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Mata kan zo miki da kaza a naɗe cikin mayafi, hankali a tashe. Sai ki ɗaga fiffike, ki nuna musu sabon gashi yana tsirowa kamar ƙaya, ki ce, "Riga take sakewa, 'yar uwa. Ki ba ta tunkuzar riɗi, ki daina damƙarta." Wata kuwa ki duba idonta da kashinta, ki ce a ware ta yanzu. Da maƙwabciyarmu Manal ta gudo daga garin Madani da 'ya'ya uku, ba ta da ko tabarma, ke kika ba ta kaza da zakara, kika ce ta rama da ƙwan fari. Ba ki karɓa ba.

Duk wannan ina zaune na ba ku baya, ina shan gahawa. Rabin maganar na ji. Sauran rabin girman kai ya hana ni tambaya.

Yanzu kaka ta yi, bakwai ɗin da kika bari suna zubar da gashi. Shida suna ci. Jar kuwa kwana uku tana rakuɓe gindin tulu, ba ta zuwa wajen dusa. Na ɗaga fiffikenta, idona ya yi rauni, ban gane ƙaya ce ko ba ita ba. In cuta ce na bar ta, ta ƙarasa miki shidan. In ba cuta ba ce na yanka, na maimaita kuskuren waccan shekara.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya saka miki haƙurin da kika yi da ni da Aljanna. Ina yi wa ɗanmu Yasir da Asma da ƙaninki Tijjani ta'aziyya. Allah Ya ba mu dangana.

Ku kuma, Manal, da ke Malaz ta bayan gidanmu, da duk wadda ta kwashi iliminta: kun zo gaisuwa, kun yi kuka, kun wuce akurki ko waiwaye babu. Ƙofa a buɗe take. Ɗaya ta shigo yau, ta ɗaga fiffiken nan, ta dube ni ta faɗa mini: in yanka ko in bari?

Mudi Mailafiya, Gadarif