Dariyar Hanan a ɗakin maƙwabciya

Tun daga matakala nake jiyo ƙyaƙyatar 'yata Hanan a flat ɗin maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Ireland da muke gida ɗaya a unguwar Whalley Range ta Manchester. Na leƙa in kira ta cin abinci, na tarar da su gaban talabijin suna dariya har da hawaye.

Wasan barkwanci ne a kan mutanen Ireland. Wata uwa ta ji sanarwar rasuwa a rediyo, ba ta ma san mamacin ba, amma ta suri jaka tana sauri kada a riga ta samun kujerar gaba a jana'iza. Dattijuwar na dukan cinya tana cewa, "Wannan uwata ce sak!"

Na ce bari ni ma in sa baki. Na ba su labarin yadda mu Kanawa muke wasa da Zage-zagi, duk inda na ga Bazazzagi sai na ce, "Ga bawana nan."

Hanan ta zaro ido, ta ce da Turancinta na Manchester, "Baba, wannan ba abin dariya ba ne."

Wallahi kishi ya kama ni. Shekararta tara, ta san abin dariyar mutanen Ireland, amma ba ta san abokin wasanta ba.

Zage-zagin Manchester, yau Bakano ne ke roƙonku: wa zai zo ya tsokanar min yarinyar nan?