Takwas Ne, In Ji Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa tafiya da Kawu Sale a titin Setapak ya san ba a kai ƙarshen magana da shi. Kana tsaka da ba shi labari sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Shiru!" Ya karkata kai, ya rufe ido har mota ta wuce, sannan ya ce, "Silinda huɗu ce, kuma mai ita ba ya tsoron Allah." Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na sauka da na zo karatu, don haka babu wanda ya sha wannan "shiru" kamata.

Da furfurarsa ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan injina, amma jirgin ƙasa mai lantarki na LRT bai taɓa shigarsa da son ransa ba. Cewa yake, "Abin da ke gudu ba ya kuka, ta yaya zan san lafiyarsa?" Wata rana matarsa, Anti Hajara, ta kira mana motar haya za mu bikin suna a unguwar Titiwangsa. Mota na tsayawa Kawu ya kasa kunne, ya ce direba ya buɗe masa gaban motar ya duba inji.

Direba ya ce, "Cannot lah, uncle!"

Anti ta ce, "Malam, don girman Allah, suna za mu, ba gareji ba!"

Ko da muka isa an gama rabon abinci. Mu muna cika muna batsewa, shi kuwa murna yake, wai ya ceci bel ɗin injin yaron mutane.

Amma babban aikinsa a garin nan, ya fi digirin ma, shi ne musu da Dakta Lawi, abokinsa mai koyar da lissafi. Tun suna samari a Kano suka kalli wani tsohon fim, inda wata jar mota mai dogon hanci ke tsere wa 'yan sanda a kan duwatsu. Kawu ya ce injinta silinda takwas ne. Dakta ya ce shida ne, kukan wata motar aka ɗora mata. A fim ɗin kuwa, kaf, ba a buɗe gaban motar ba ko sau ɗaya. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai su zauna a mamak, shagon shayi da gurasar roti na ƙasan gidanmu, su ɗora daga inda suka tsaya.

"Lawi, kai fa da ido kake kallon fim, shi ya sa ka ɓata."

"To da me ake kallo, Sale?"

"Da kunne mana! Saurara."

Ran nan sai Kawu ya cika kumatu ya shiga kwaikwayon injin, "Grrr, gudu-gudu-gudu," har idonsa ya yi ja. Mai shagon ya zaci roti ne ya maƙale masa, ya rugo ya ɗirka masa duka a gadon baya. Kawu ya yi tari, ya share ƙwalla, ya dubi Dakta ya ce, "Ka ji inda ya shaƙe ɗin nan? Giya ya canza."

Doka ɗaya ce a teburin: ba a taɓa waya. Wani sabon ɗalibi, Nura, bai sani ba, ya zaro tasa ya ce, "Sir, ai one minute ne, bari in duba muku." Wallahi ranar kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Kawu ya ce, "Waye ya aike ka?" Dakta ya ce, "Musun naka ne?" Suka tayar da shi da kofin shayinsa zuwa teburin baya, can ya ƙarasa zangon karatun.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Kawu, ni nake jinya. Ya rame, muryar nan ta shige. Ranar wata Juma'a Dakta Lawi ya zo da shayin mamak a leda, ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce a hankali, "Sale, na yi tunani. Na yarda, takwas ne."

Kawu ya buɗe ido. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Au, har ka yi mini sallama? Likita ne ya aiko ka? Ka maida maganarka, Lawi. Shida ka ce, ka tsaya a kan shidanka!"

Dakta ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ledar. Da ƙyar ya ce, "Shida ne."

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ƙarya kake. Juma'a mai zuwa zan gwada maka."

Juma'ar ba ta same shi ba. A nan muka binne shi, nesa da Kano, kuma har yau zuciyata na ƙuna in na tuna.

Satin da ya wuce na tarar da Dakta a mamak shi kaɗai, da kujerar Kawu a gabansa babu kowa. Nura ya matso cikin ladabi da wayarsa a hannu ya ce ko yanzu ya duba masa, hankalinsa ya kwanta. Dakta ya ce, "Mayar da ita aljihu, yaro. Ba mu gama ba."

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa, ya ba Anti Hajara da yara haƙuri. Allah ya sada shi da abokinsa a Aljanna, su ƙarasa.