Mai Wankin Gidan Haihuwa

Shekara talatin da ɗaya Iya ta yi tana wanki a gidan haihuwa na hukumar gari. Ɗaki biyu ne da baranda, gado takwas, sai famfo guda a bayan gini da ke kawo ruwa ran da ya ga dama. Da cikinta na fari ta fara taka wurin. Ɗan bai zo da rai ba, mijin ma bai ƙara shekara ba ya rasu. Babbar ungozoma, wadda kowa ke kira Sista, ita ta ce mata, "Ke, in kin iya wanki, ki zo gobe."

Aikin ba ya ƙarewa. Ta hura wuta ƙarƙashin rabin ganga, ta tafasa zannuwan gado, ta cuɗa, ta shanya, kafin su bushe an turo wasu. Tun tana kawar da kai in ta ga jini, har ta kai da ganin zani ta san yadda haihuwar ta kasance. Masu jego kan leƙo ta taga su ce, "Iya, ke ba kya hutawa ne?"

Sai ta ce, "Ku fara hutawa mana, ni ma in samu."

Wata Laraba da azahar Sista na aiki ita kaɗai, ga mata biyu na naƙuda. Ɗayarsu, matar wani tela, ta haifi ɗanta na shida, jini ya ɓalle mata. Sista ta ƙwala wa Iya kira.

"Wanke hannu ki zo. Danna mararta nan, ki riƙa murzawa. Ko me za a yi kada ki saki."

Dole a kai ta babban asibiti. Motar gidan haihuwar kuwa wata uku ke nan tana kan duwatsu babu taya, sai mai gadi ya tsayar da wata motar itace. Sista ba ta da halin barin ɗaya matar, don haka Iya ce ta hau baya, a durƙushe, hannunta a marar matar tela.

"Iya, barci nake ji," in ji matar.

"Ba za ki yi shi ba, 'yar nan. Faɗa mini sunayen 'ya'yanki."

Ta faɗa. Iya ta ce ba ta ji ba, ta sake. Haka suka yi ta yi har ƙofar babban asibiti. Matar ta rayu. Babu wanda ya tuna da yadda Iya za ta koma, sai ta tako da ƙafa, ta tarar wuta ta mutu, zannuwa sun yi tsibi. Ta ɗan zauna a kan bokiti, sannan ta tashi neman ashana. Daga baya telan ya ɗinka mata riga. Ta yi mata kaɗan a kafaɗa, amma ta sa.

Da aka gina sabon asibiti mai injin wanki, aka rufe gidan, aka sallame ta. Ta koma wajen ɗiyar ƙanwarta da yatsun da sabulu da ruwan zafi suka cinye, ko allura ba sa riƙewa. Da ɗiyar ta sami ciki, Iya ta hana ta sakat sai da ta fara zuwa awo. Takan raka ta, amma ba ta shiga. Sai ta sami benci a inuwa ta jingina da bango, kafin layi ya motsa barci ya ɗauke ta.