Kafintan da Ya Jira a Taya

Wata rana, ranar Talata ce ban manta ba, na zauna a ɗakin taro na sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ina ji ina gani wani kafinta ya rasa aikin da ya fi kowa cancanta da shi.

Yana zaune a gefena. Murmushi ma yake yi.

Yau wata huɗu ke nan, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Bari in ba ku labarin ko na samu sauƙi.

Waɗanda suka san ni sun san shagona na buga takardu yana daura da ƙofar sakatariya. Shekara tara ina wurin. Kusan duk takardar neman kwangilar da za ta shiga gidan nan sai ta bi ta hannuna.

Saboda haka na san yadda abin yake tafiya.

Mutum zai zo daga birni da jaka da ƙamshin turare, ko ƙusa bai taɓa bugawa ba, ya karɓi aikin kujerun makaranta. Sai ya zagaya bayan kasuwa wurin kafintocinmu, su yi masa aikin a wulaƙance, shi kuma ya kwashe ribar ya koma inda ya fito.

Shekara da shekaru haka ake yi.

Bana sai aka kafe wata sanarwa a allo. Ana neman wanda zai yi benci ɗari biyu masu haɗe da tebur na makarantun firamare, kuma an ce za a fi ba masu sana'a na cikin ƙaramar hukumar dama. Kowa ya haɗa takardunsa, ya rubuta farashinsa, ya rufe a ambulan, ya jefa a akwati.

Ina gama karantawa na rufe shago, na tafi wurin wani kafinta. Bari in kira shi Malam Sallau.

Malam Sallau ya haura shekara talatin yana sana'ar. In ya haɗa maka tebur, sai dai kai ka gaji da shi. Yana da ma'aikata biyar, dukkansu magidanta, kuma a lokacin kasuwa ta tsaya masa cak. Ya riga ya faɗa musu cewa in damina ta wuce ba a samu babban aiki ba, sai dai kowa ya kama gabansa.

Babbansu, Isiyaku, shekararsa goma sha ɗaya tare da shi. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma har ya fara tambayar yadda ake samun hayar babur a birni.

Da na kai wa Malam Sallau maganar, dariya ya yi.

Ya ce, "Nafi'u, kai ma dai da neman magana. Kwangila ai ta masu hanya ce. Ni wa na sani a gidan nan? Mai gadi kawai, shi ma don na gyara masa ƙofa ne."

Na ce, "Baba, wannan karon ba sanayya ba ce, takardu ne. Takardu kuma aikina ne."

Sai da na yi masa zarya sau uku kafin ya yarda.

Jama'a, na sha wuya.

Rajistar sunan sana'a, mun yi. Takardar shaidar biyan haraji, mun je sau huɗu, kullum mai sa hannu ya fita yanzun nan. Asusun banki da sunan shago, mun buɗe. Na bi makarantun allo da shaguna ina ɗaukar hoton ayyukan da ya yi a baya. Mako uku ina rufe shagona da rana tsaka, abokan cinikina suna ta mita, ni ko a jikina.

Na ƙudura a raina sai an yi aikin nan a garinmu, da hannun mutanenmu, kuɗin kuma ya kwana a aljihunsu.

Shafi ɗaya ya rage, shafin farashi.

Na miƙa masa na ce, "Baba, nan za ka rubuta kuɗin benci ɗaya. Ka rubuta da kyau."

Ya ce, "To. Bari in je gida in yi shawara da katako."

Na yi dariya, na bar shi ya tafi da shafin. Washegari ya dawo da ambulan a rufe, ya shafe bakinta da gam har ya yi yawa. Na raka shi ya jefa a akwati, ya yi bismillah, muka fito.

Ban tambaye shi nawa ya rubuta ba. Na ga kamar shiga sirrin dattijo ne.

Wannan kunyar tawa ita ta kashe mu.

Ranar buɗe akwati ɗakin ya cika. Malam Sallau ya sha farar shadda da hula, ya zo da Isiyaku. Wata jami'a mai kula da sayayya, Hajiya Hansatu, ita ce ke yage ambulan ɗaya bayan ɗaya, tana karanta suna da farashi a gaban kowa. A nan kam ban ga rufa-rufa ba, gaskiya ɗaya ce.

Mutum bakwai suka nema. An karanta na farko, an karanta na biyu. Wani mai jaka, wanda ya kama ɗaki ɗaya a garin wata biyu da suka wuce don a ce shi ma ɗan gari ne, ya rubuta naira dubu hamsin kowane benci. Shi ne mafi ƙasa zuwa lokacin.

Na saki ajiyar zuciya, don na san Malam Sallau ba zai kai nan ba.

Sai aka yage tamu.

"Naira dubu sittin da biyar."

Na ɗauka kunnena ne. Na juya na kalli Malam Sallau.

Shi kuwa ya gyara zama, ya harɗe hannu, yana gyaɗa kai kamar wanda aka yaba wa.

Na raɗa masa, "Baba, me ka yi haka?"

Ya raɗa mini, "Kwantar da hankalinka, yaro ne kai. Ai sai ka bar wurin ragi. Bari su taya tukuna."

Wallahi ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

Bawan Allah ya ɗauka kasuwa ya zo. Shekara talatin bai taɓa faɗin kuɗinsa na gaskiya a karon farko ba. Zai ɗaga, mai saye ya taya, ya ce albarka, a ja, a sake ja, mai saye ya yi kamar zai tafi, a kira shi, sannan a sallama. A wurinsa wanda ya faɗi farashin ƙarshe tun da fari bai san ciniki ba. Gwamnati kuma da take da kuɗi, ai dole a bar mata wurin ja mai faɗi.

Hajiya Hansatu ta gama karantawa, ta ce kwamiti zai duba takardu, za a kafe sakamako nan da mako biyu. Mutane suka fara miƙewa.

A nan murmushin ya fara gushewa daga fuskarsa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga da gaske tashi ake yi. Sai ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, ba ku taya ba."

Masu fita suka juyo suna kallonsa.

Ta ce, "Malam, a nan ba a tayi. Abin da ka rubuta shi ne maganarka ta ƙarshe."

"To ai na rage. Arba'in da biyu. Wallahi shi ne gaskiyarsa."

"Da shi ka rubuta, Malam. An riga an buɗe akwati, ba ni da ikon taɓa ko sifili ɗaya."

Wasu suka fashe da dariya. Mai jakar nan har da tafawa da na kusa da shi.

Isiyaku bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Arba'in da biyu, jama'a. Ƙasa da na kowa a ɗakin. Ga takardu cikakku, ga aiki mai kyau, ga shi ɗan gari na haƙiƙa. Aikin nan nasa ne, a hannunsa yake, al'adar kasuwa ta fizge shi.

Muka fito tare da Malam Sallau har bakin shagona. Sannan ya tsaya ya ce, "Nafi'u, duk yawon nan da muka sha, me ya hana ka faɗa mini ba a ciniki?"

Na ba shi haƙuri, ya juya ya tafi. Har yau tambayar nan tana bina.

Haushin ma ban san na wa zan fara ji ba.

Na ji haushinsa, don ko tambaya ɗaya bai yi ba. Na ji haushin masu sanarwa, da suka cika allo da Turanci shafi biyu, suka ce suna son ƙananan masu sana'a su shigo, amma ba wanda ya ga ya dace ya tara su na rabin awa ya ce musu da Hausa: abin da ka rubuta shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Sun buɗe wa mutane ƙofa, ba su gaya musu yadda ake zama a ɗakin ba.

Amma wanda na fi jin haushinsa shi ne ni.

Ni da nake taƙama da sanin takardu. Na koya masa inda ake sa hannu, na koya masa inda ake buga hatimi, har launin biron da zai yi amfani da shi na zaɓa masa. Abu ɗaya da ya fi komai muhimmanci na tsallake, saboda a wurina abu ne da kowa ya sani.

Ashe ba kowa ba.

Bayan mako biyu aka kafe suna. Mai jaka ne, ba wanda ya yi mamaki.

Bayan kwana uku motarsa ta tsaya a ƙofar shagon Malam Sallau. Ina wurin, na je ba shi haƙuri karo na ban san adadi ba. Mutumin ya sauko da fara'arsa, ya gaida Baba har da rusunawa, ya ce ya ji labarin hannunsa yana da kyau. Ya ce ya raba wa kafintoci uku aikin, shi zai ba shi benci sittin.

Sai ya taya. Dubu talatin.

Malam Sallau ya ce albarka. Aka ja, aka sake ja. Mutumin ya buɗe ƙofar mota kamar zai tafi, don ya ji da kunnensa a ɗakin taro inda dattijon zai iya sauka, kuma ya san ba shi da wani aikin.

Malam Sallau ya kira shi. Aka sallama a talatin da shida.

Na tashi na bar wurin, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da zan yi nadama.

Benci sittin a wannan kuɗin ba zai riƙe magidanta biyar ba. Malam Sallau ya riƙe biyu, ya sallami uku. Isiyaku da kansa ya ce a sa shi cikin masu tafiya, wai sauran ba su da inda za su, shi kuwa yana da wanda zai ba shi babur.

Makon jiya na shiga birni sayen tawada. A wata mahaɗa wani ɗan acaɓa ya tsaya a gabana yana cewa, "Ina zuwa, Alhaji?" Sai da ya sauke ƙyallen da ya rufe hancinsa muka gane juna.

Isiyaku ne.

Ya kai ni har inda za ni, ya ƙi karɓar kuɗina. Da zai juya sai ya ce, "Malam Nafi'u, in an sake kafe irin takardar nan, don Allah ka zauna kusa da Baba lokacin da zai rubuta. Ni dai ba wannan ce sana'ata ba."

Darasi:

In za ka taimaki mutum ya shiga wurin da bai saba ba, kada ka tsaya a takardu. Gaya masa abin da kake ganin kowa ya sani, don sau da yawa a nan ake faɗuwa.

Ku kuma masu sana'a, kafinta, tela, mai walda, magini, mai dafa abinci: takardar neman kwangila ba rumfar kasuwa ba ce. Ba wanda zai taya. Ka lissafa kayanka da ladan ma'aikatanka da ribarka ta halal, ka rubuta sau ɗaya. In ba ka gane ba ka yi tambaya, ba a kama kowa don ya yi tambaya.

Masu kafe sanarwa kuma, don girman Allah ku riƙa yi wa mutane bayani da harshen da suke ji.

Kada ka karanta ka danna alamar so ka wuce. Tura wa mai sana'ar da ka sani. In ba ya karatu, ka je har shagonsa ka karanta masa da bakinka kafin a kafe sanarwa ta gaba.