Gwangwanin Irin Kimba

Kimba bai zo Lome don ya yi lambu ba. Shanu ya rako daga Dosso yana saurayi, aka sayar da su, shi kuma ya maƙale a Zongo, ya yi aure, ya tsufa. Cikin abin da ya baro gida da shi, ɗaya ne bai ƙare ba: irin gauta da mahaifiyarsa ta ƙulla masa a tsumma. Shekara talatin da ɗoriya yana shuka shi a wani filin aro a unguwar Agoè.

Gautar ba abin kallo ba ce. Ƙanana ne, ga ɗaci, har mata a kasuwa na yi masa tsiya wai magani yake sayarwa. Amma duk shekarar da ciwon yaushi ya shiga lambuna, wanda ke langaɓar da shuka komai ruwan da ta sha, na maƙwabta sai su kwanta, tasa tana tsaye. Ba ya ɗiban iri sai daga shukar da ta rayu kusa da matacciya. Ya shanya, ya gauraya da toka, ya zuba a tsohon gwangwanin madara.

Masu lambun nan suna da al'ada. Iri ba a sayar da shi, ba a kuma auna wa mutum, don aunawa rowa ce. Miƙa gwangwanin ake yi gaba ɗaya da hannu biyu, mai roƙo ya ɗiba da yatsu uku, ya mayar. Ba a faɗin wannan da baki, tunda kowa ya sani.

Ban da Dokta Samir. Ɗan limamin unguwar ne, Malam Abdulkuddus, amma tun yana shekara goma aka kai shi Faransa wajen kawunsa, ya dawo masanin yadda tsiro ke kare kansa daga cuta. Da Samir ya ji labarin gautar, sai uban ya aika a kira Kimba zaurensa, ya zo da irin.

"Baba, shuka ma tana da garkuwar jiki," in ji Samir. "Taka tana yin wani ɗan sinadari mai huda ƙwayar cutar. In mun gano shi, manoma da yawa za su huta."

Daɗi ya kama Kimba, har ya gyara zama. Ya miƙa gwangwanin da hannu biyu. Samir ya karɓa, ya ce, "Merci beaucoup, Baba," ya jefa shi a jaka, ya ja zif.

Hannuwan Kimba suka tsaya a sama suna jira. Ya dubi liman, liman ya dubi carbinsa. Wa zai buɗe baki ya ce ɗan malam bai san ladabi ba, a zauren ubansa? Kimba ya haɗiye, ya ce Allah ya sa albarka. A hanya ya lallashi kansa: gautar bana tana fure, wata biyu zai ɗebi sabon iri.

Ba a kai wata guda ba mai filin ya sayar wa masu gini. Da Kimba ya sauka daga zem, babur ɗin haya, wata safiya, katafila ta gama aikinta. Ya tono 'ya'yan da ya samu, ya fasa, duk ɗanyu, irin cikinsu fari ne, ba ya tsira.

Sau uku yana zuwa zauren liman, ya yi hirar ruwan sama ya tashi. Sai da matarsa Raliya ta ce in bai faɗa ba ita za ta je, sannan ya faɗa, kansa a ƙasa. Liman ya ce yaron ya koma Faransa da gwangwanin, sai baɗi.

Baɗi Samir ya zo, ya yi ƙiba, an ba shi lambar yabo. Ya shimfiɗa wa Kimba mujallar Turanci mai hoton gautarsa.

"Mun samo sinadarin, Baba. Kaɗan ne ƙwarai, sai da muka niƙe irin duka."

"Duka, Dokta?"

"Ai ba ni ka yi. Na ɗauka kana da wani."

Zuciyar Kimba ta yi baƙi, amma bai fid da rai ba. Ya san gwangwaninsa: toka kan daskare a gindi, ƙwayoyin iri biyar ko shida kan maƙale a cikinta. Biyar ma sun isa lambu.

"Gwangwanin fa, Dokta?"

"Ban manta ba." Samir ya yi murmushi, ya zaro shi yana ƙyalli. "Ya yi datti sosai, na sa an wanke maka shi da tafasasshen ruwa."

Kimba ya buɗe murfin, ya zagaya gindin da yatsa, sau biyu. Yatsan ya fito fes.

"Ka ga yaro mai amana," in ji liman. "Kimba, ba ka yi godiya ba."

Kimba ya riƙe gwangwanin da hannu biyu, ya yi godiya.