Yadda Yaya Ya Auna Bakinmu Kan Alkama

Shekarar da aka fara sako ruwan madatsar Bakolori cikin magudanai, gidanmu ya samu fili tsakanin Talata Mafara da Bakura, a madadin fadamarmu da ruwan gulbi ya daina hawa. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gandu yana hannun babban wanmu, wanda duk muke ce wa Yaya. Bayansa akwai wana na tsakiya, mai cin kasuwar Maradun, da yayata da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, sai ni auta, ban daɗe da aure ba.

Malaman gona suka ce a gwada alkama da rani. Mu kuwa albasa da dankali muka sani. Babu wanda zai iya cewa ga yadda sabon ruwan zai riƙa zuwa, ko ƙasar za ta karɓi alkama.

Wata hantsi Yaya ya tara mu a rumfar mahaifiyarmu. Bayan an gama gaisawa ya ce, "Kowa shi hwaɗi yadda ransa ya kwanta da alkamar nan."

Wana na tsakiya ya ce, "Ta yi ƙwarai da gaske, Yaya."

Yayata ta ce, "Da dama-dama."

Yaya ya dube ta. "Wace dama-damar? Wadda ke kusa da i, ko wadda ke kusa da a'a?"

Ta ce, "Ta ɗan karkata wajen a'a."

Da aka zo kaina na ce, "Ba laifi."

Sai duk muka juya wajen Inna. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Too," ta ja ta da tsawo.

Na ɗauka ba a cimma komai ba. Amma da la'asar, muna tafiya gonar mu uku maza, Yaya ya warware mini. Ya nuna wana na tsakiya ya ce, "Wannan ko tuwo ya ƙone 'ƙwarai da gaske' yake cewa, don haka na rage wa tasa nauyi. Kai kuma ranar da aka tambaye ka amaryarka, 'ba laifi' ka ce, alhali kowa ya ga fuskarka. Taka na ƙara mata." Na sunkuyar da kai, wana yana ta dariya. Yayata kuma, in ji shi, ta zauna bakin gulbi a gidan mijinta, shakkarta ba ta banza ba ce. Inna kuwa in ta yarda, "to" ɗinta gajera ce. In ta ja ta, tana tsoro amma ba za ta hana ba.

Da muka isa, ya yi ta tafiya cikin filin daga bakin magudana, ya tsaya kafin ya kai tsakiya, ya kafa kara. Daga nan zuwa magudana alkama, sauran albasa. Wana ya yi ƙorafi cewa an raina maganarsa. Yaya bai yi musu ba, ya cire karan ya matsar da shi kunya guda, ya ce, "Ga taka."

Mun makara wajen shuka, zafi kuma ya shigo da wuri. Alkamar da ke nesa da ruwa ta yi ƙwaya ƙanana, ta bakin magudana ce kawai ta cika. Albasa ta yi kyau, wana ya kwashe ta zuwa Maradun. Babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa "ai na faɗa", domin kowa ya san akwai bakinsa a inda aka kafa karan.

Inna ta niƙa wadda ta cika, ta yi mana alkaki, ta aika wa maƙwabta. Da rani ya zagayo, yayata ce ta fara tuna mana a nemo iri da wuri, kuma ita ta tsaya a kanmu har muka shuka kafin sanyi ya yi nisa.